Ragowar Ruwan Ɓeraye

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba na dariya ba ne.

Tanimu ma'aikaci ne a gidan ɓerayen gwaji na wata jami'a. Fararen ɓeraye, kowanne da lambarsa. Aikinsa ya shayar da su ruwan da aka gauraya da sinadarin roba. Bayan sati shida Dakta mai binciken ya feɗe su, ya ɗora hantarsu a ma'auni, ya rubuta. Hantar kan fito a kumbure, ta yi fari-fari kamar kitse.

Akwai duron da ake tara ragowar ruwan, amma yana can ƙarshen katanga. Tanimu kuwa 'yarsa ɗaya tilo, Hajjo, wadda ya samu bayan shekara goma sha ɗaya da aure, kullum tana ƙofar gida tana jiransa. Don sauri sai ya riƙa watsa ruwan a gindin gawon bayan ofis, da almuru, ko bisimilla babu. Abin da kakarsa ta hana shi tun yana yaro.

Ran nan ya watsa, ya juyo, sai ga mace tsaye da goyo. Dugaduganta ne a gaba. Muryarta kamar daga cikin rijiya.

"Kai ne mai ruwan?"

"Ni ne, Inna. Aikin Dakta ne."

"Nan tsakar gidana ne. Ɗana ke sha."

Ta juyo da goyon. Ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa, ba ya numfashi. Ta miƙo masa wani ƙulli a leda, da ɗuminsa.

"Hantarsa ce. Kai wa Daktanku ya auna. Ɓera ma kun ba shi lamba."

Tanimu ya yar da bokiti, ya ruga har gida. Ba kowa a ƙofa. Ya tarar da Hajjo kwance a kan tabarma, ta riƙe ciki.

"Baba, wata mata ta ba ni ruwa a gora. Ta ce ragowar naka ne."

Hajjo ba ta kai sati shida ba. Dakta kuwa ƙarin girma ya samu, har da walima, kuma Tanimu aka sa ya jera kujeru. Abin nan yana ci mini rai har gobe.

Kada wanda ya bi ta gindin gawon nan shi kaɗai da almuru. Abin da ba za ka iya ba ɗanka ba kuwa, kada ka watsa shi a ƙasa. Wajen da masu shi.