Turaku Goma Sha Bakwai a Filin Kurket

Wayyo Damyanti! Da rana tsaka baffanta Mangilal ya watso mata kayanta waje daga ɗan ɗakin da ke gefen filin wasan kurket na gundumarsu, har da hoton mahaifinta, wanda ya shekara talatin yana kula da filin kafin ya rasu ya bar mata aikin. Laifinta wai ta bar tsakiyar filin, inda ake jefa ƙwallo, ya farfashe har aka soke babban wasan shekara.

"Baffa, kai ma ka san ba ni ba ce..." ta faɗa tana kuka.

"Rufe mini baki! Mace da kula da fili? Ga sakamakon nan, kin ja mana abin kunya."

Ya sani sarai. Ɗan majalisa Ghewarchand Dhaka, mai neman shugabancin ƙungiyar kurket, shi ya kafa rumfunan gangaminsa a kan ciyawar, ya kuma yi wa baffan alkawarin kujerar sakatare in ya ɗora mata laifin. Kwana uku Damyanti tana zaune a ƙofar fadar Yarima Udaybhan, abokin takarar Dhaka, ko zai saurare ta. Da ya fito sai ya leƙo ta tagar mota ya ce, "'Yar mai ban-ruwan ciyawa ce? A ba ta shayi ta tafi." Maƙwabta suka daina amsa gaisuwarta. Ta koma kwana a rumfar wata mai tuyar gurasa, kullum tana kunna fitila gaban hoton, tana cewa, "Ya Ubangiji, Ka wanke sunan Babana, ni ban damu da kaina ba."

Ranar zaɓe, wakilan kulob-kulob sun cika zauren da ke bakin fili, ga wata tsohuwar alƙaliya da aka naɗa ta sa ido. Dhaka na tsaka da rantsuwa cewa rumfarsa ba ta taɓa ciyawa ba, sai ga Damyanti da buhu a ka. Ta juye shi a gabansu... turakun ƙarfe goma sha bakwai, da baƙar ƙasar filin manne a jikinsu, kowanne an shafa masa fentin jam'iyyarsa da lambar ofishinsa don kada a sace!

"Da hannuna na tono su daga tsakiyar filin, Mama," ta ce wa alƙaliyar, tana nuna tafukanta da suka tsage.

Zauren ya kaure da ihu! Nan take aka soke takarar Dhaka, baffan ya zube yana neman gafara, babu mai kallonsa. Yarima ya miƙe yana gyara rawani, a zatonsa shugabancin ya faɗo masa. Sai wani tsohon ɗan wasa ya ce, "Ranka ya daɗe, shayin da ka ba marainiya ya huce, ƙuri'unmu ma haka." Aka zaɓi wani malamin makaranta da shi ma ke takara, shi kuwa umarninsa na farko shi ne a mayar wa Damyanti aikinta da ɗakinta, a kuma sa wa filin sunan mahaifinta. Ta durƙusa tana kuka, wannan karon na daɗi.

Dhaka ya fito a fusace, ya yanki fili zai gajarce hanya zuwa motarsa. Damyanti ta share hawaye, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yallaɓai! Ba a taka mini ciyawa. Zagaya."

Ya tsaya, ya dubi jama'a, ya zagaya.