Tsintsiya a Tiken Urafane

Sau uku Nana Firdausi ke ɗora tukunya tana saukewa ba ta sa mata ruwa ba. Inna dai na kallonta ta wutsiyar ido, ta yi kamar ba ta gani ba. Ranar kasuwar Urafane ce, kuma tun da alƙali a Tasawa ya yanke wa Muddassir hukunci, ranar kasuwa ta zame wa gidan mahaifinta Malam Illo ranar fargaba.

Muddassir shi ne saurayin Firdausi da aka riga aka karɓi kayan gaisuwarsa, saura sa rana. Sai ga shi an kama shi da ragon Isufu mai shayi yana neman mai saye. Da yake laifin farko ne, rago kuma ya koma hannun mai shi, alƙali bai tura shi gidan kaso ba. Ya ce ya yi wata uku yana aikin jama'a, yana share tiken dabbobi yana kwashe kashi. To, wannan tiken nan ne Malam Illo ya shekara ashirin yana dillanci.

Da la'asar Malam ya shigo ko sallamar kirki babu, ya jefar da sandarsa. Ya ce yau ma yaron ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, tsintsiya a hammata, dillalai na ƙyafta ido. Da kaso aka kai shi, da sai a ce ya tafi ci-rani, kowa ya rufa wa kowa asiri.

"Gobe a maida masu kayansu," in ji shi. "Ba ni ba ɗiyata ɓarawon da gari duka ke kallo."

Inna ta sunkuyar da kai. Firdausi ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga, ta ɗauki tsinken kitso ta ajiye. Hawaye ke zuba, amma ba na rabuwa kaɗai ba ne. Akwai abin da ita da Muddassir kawai suka sani, shi kuma ko gaban jandarman da suka kama shi bai faɗa ba.

Wata uku baya an kai wa ƙawarta Sa'adiya lefe akwati uku a garin Attantane. Firdausi ta dawo biki idonta ya rufe, ta ce wa Muddassir in nata bai kai uku ba kada ma ya aiko. Ya ce damina ba ta yi kyau ba, waken ma tsutsa ta cinye. Ta juya masa baya, ta yi mako guda ba ta ɗaga wayarsa. Yarinta kenan, baki ya furta, wani ya je ya ɗauki kaya.

Firdausi ta je ta tarar da Malam a kan tabarma, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, hannunshi ya ɗauki rago, amma bakina ya aike shi."

Ta kwashe komai ta faɗa, ba ta rage wa kanta ko kaɗan ba. Inna ta riƙe baki tana salati. Malam ya tambaya ko yaron ya taɓa ambaton sunanta a Tasawa. Ta ce a'a.

"Sata dai sata ce," ya ce. "Tashi ki ba ni wuri."

Gari ya waye ba a mayar da kaya ba, ba a kuma ce an fasa mayarwa ba. Haka Firdausi ta yi mako shida tsakanin tsoro da sa rai, ta rame har zanenta na kwancewa. Labari na zuwa mata ta bakin masu tallar fura: Muddassir bai taɓa fashin aiki ba, an yi masa tayin ya tsallaka Najeriya ya ƙi, kuma duk kasuwa sai ya durƙusa ya gai da Malam, ko da ba a amsawa.

Ranar kasuwar ƙarshe kafin hukuncin ya cika, Inna ta dawo daga sayen daddawa tana dariya har da tafa hannu. Ta ce da Muddassir ya durƙusa, Malam ya amsa a hankali, ya kau da kai, ya naɗe buzunsa ya koma can ƙarshen tike. Da dillalai suka tambaye shi lafiya, sai ya ce:

"Ku kun taɓa ganin mutum ya zauna yana ƙura wa surukinshi ido?"

Firdausi ta zauna daɓas a bakin murhu, ta rufe fuska tana kuka tana dariya.

Bayan kaka aka ɗaura aure da akwati ɗaya, Isufu mai shayi na sahun gaba. Wanda ya tsaya ya biya laifinsa a idon jama'a ya cancanci a karɓe shi, wadda kuma ta tura masoyinta abin da ya fi ƙarfinsa, ta sani da ita aka yi laifin.