Makanike Mai Yi wa Inji Wanka

A wani gari an yi wani makanike mai ji da kansa, wanda ke cewa da hanci kaɗai yake gano inda gas ke zurara. Rannan janaretan Gwaggo Asabe mai kifi ya mutu, ƙanƙarar firjinta ta fara narkewa. Aka kira shi, ga mura ta toshe masa hanci.

Ya shinshina regileta, mai daidaita gas ɗin da inji ke sha, bai ji komai ba. Sai ya haɗiye girman kai ya nemi ruwan sabulu.

Ya shafa kumfa a mahaɗar farko, ya jira, shiru. Maƙwabta suka ce, "Oga, yau jariri ake wa wanka?" Ya shafa a ta biyu, ya jira, shiru. Ya shafa a bakin regileta, ya jira, sai kumfa ta kumbura. Ya rufe tukunyar gas, ya sauya robar da ta tsage. Inji ya tashi, kifi ya tsira.

Gwaggo ta ce, "Sannu ɗan nan. Tunda hannunka ya saba da sabulu, ga kwanukana can."

Ya ce, "Haba Gwaggo, haka ake sallamar gwani a garin nan?"