Ɓangaren Da Ya Rage

A bakin ƙofar asibiti suka yi faɗan. Ta ce wa mijinta ya koma garejinsa, ta san ya gaji, tana gani a fuskarsa duk lokacin da likita ta girgiza kai.

"Ni na ce miki na gaji, Gimbiyata?"

"Ba sai ka faɗa ba..."

Ya karɓe jakarta ya yi gaba, dole ta bi shi.

Tana amarya jikinta ya juya mata baya. Al'ada ta ɗauke, gashi ya tsiro mata a haɓa, murya ta yi kauri har ɗalibanta na firamare suka riƙa waige-waige in ta yi magana. An sha yawo kafin a gano ƙari ne a gidan ƙwanta na hagu, irin wanda ba kasafai ake gani ba, yana zuba mata sinadarin maza a jini. Aka yi aiki aka cire ɓangaren gaba ɗaya. Likita ta ce na dama lafiya ƙalau yake, amma ba ta yi alkawarin komai ba.

Surukarta ba ta taɓa yi mata gori ba. Sai dai tana ganin yadda tsohuwar ke bin jariran mutane da kallo, ga shi ɗan nata shi kaɗai ta haifa.

Yanzu kuma al'adar ta sake ɗaukewa. A ranta ta gama yanke cewa ƙarin ne ya dawo, har ta shirya roƙon mijin ya sauwaƙe mata.

Da suka shiga, likita ta shafa mata mai mai sanyi a ciki, ta ɗora na'ura, ta ƙura wa allo ido. Can ta murɗa wani maɓalli, sai sauti ya cika ɗakin, ƙanƙani, mai sauri, ba ya tsayawa.

"Likita... mene ne wannan?"

"Zuciya ce. Kuma ba taki ba ce."

Wannan jikin da ta yi fushi da shi, ta daina ko kallonsa a madubi, ashe shiru ya yi yana aikinsa! Bakinta sai tasbihi, hawaye na gangara cikin kunnuwanta.

Mijin ya durƙusa a gefen gadon, ya kifa goshinsa a tafin hannunta. Likita ta kai hannu za ta kashe na'urar, ya ɗago da sauri.

"Don Allah, likita... bar mana shi tukuna."