Harshen Aro

Hannaye bakwai ne a kaina ranar, na ƙirga su.

"Buɗe bakinki, 'yata! Kada ki yi tunani... buɗe kawai!"

Muryar Mama ce, mahaifiyar Dogo, shugabar matan addu'a a majami'arsu. Tafinta ya fi na kowa nauyi, yana ƙanshin man zafi. Laraba ce, ƙarfe huɗu na yamma, a ƙaramin ɗakin da ke bayan majami'a inda ake jibge karyayyun bencina. Mako na goma sha ɗaya ke nan ina durƙusawa a tabarmar nan, ina neman baftismar Ruhu Mai Tsarki.

"Karɓa! Karɓa!"

Na buɗe bakina. Na faɗi abin da na haddace.

Ɗakin ya kaure da ihu. Wata ta faɗi ƙasa tana yabon Ubangiji. Mama ta rungume ni, hawayenta na jiƙa mini wuya.

"Ta karɓa! Surukata ta karɓa!"

Ba ta taɓa kirana suruka ba sai ranar. Ni kuwa abin da na ji kawai, gwiwata ta hagu ta sage.

Bari in koma baya kaɗan.

A shagon buga takardu nake aiki: in buga, in yi kwafi, in ɗinke. Dogo kafinta ne. Ya zo gyara mana kantar da ta karkace, aikin rabin yini, ya yi kwana huɗu a kai. A rana ta huɗu uwar ɗakina ta ce masa, "Malam, in don kanta ce, ta gyaru. In kuma wani abu ne, ga ta can bayan inji."

Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan shekara guda ya kai ni gaida Mama. Ta dube ni sama da ƙasa, ba tare da ɗaure fuska ba.

"Ba ni da abin faɗa a kanki, yarinya. Amma ɗana ba zai auri macen da ba ta cika da Ruhu ba. Zaman gida yaƙi ne, ba a shigarsa hannu rabbana."

A majami'arsu alamar cika guda ce: mutum ya yi addu'a da baƙon harshe wanda bai taɓa koya ba. A tamu kuwa, inda Babana ya shekara talatin yana dattijo, ko tafa hannu za a yi sai an yi shawara.

"Ruhun da kika karɓa ranar da kika ba da gaskiya, hutu ya tafi?" in ji Baba, yana goge tabarau. "In da ƙara ake auna tsarki, ai da injin niƙa ya riga mu shiga sama."

Bai hana ni ba. Bai kuma sa albarka ba.

Na nemi abin ta hanyar da na iya, wato karatu. Na sayi biro kala uku. Duk inda Maganar Allah ta ce an cika da Ruhu aka yi magana da harsuna, in ja jan layi. Inda aka cika ba a ambaci harshe ba, in ja shuɗi. Baƙin na tambayoyina ne, shi ya fara ƙarewa. Na yi azumi. Kuma ba don Dogo kaɗai ba, wannan ina so a yarda da ni. Akwai wata tsohuwa a ɗakin nan, in tana addu'a fuskarta kamar ta wanda ya dawo gida daga doguwar tafiya. Na so in san me take gani.

Mako goma, shiru.

Sai Kanari ta ja ni gefe. Ita ke ba da waƙa a majami'ar, kuma kowa ya san da ita Mama ta so Dogo ya daidaita.

"Kin cika tunani, 'yar'uwa," ta ce tana gyara mini ɗankwali. "Ke dai ki fara ko da me. Kamar tura mota ne, daga baya sai ta kama."

Ban san da me ake farawa ba. Don haka na kasa kunne a addu'a ta gaba, na rubuta abin da na ji matan na faɗi. Layi huɗu. Na haddace su a shago, lokacin da inji ke ruri ba mai jina.

Su ne na faɗa a Larabar nan.

Da na fito, Dogo na tsaye a ƙofa, garin katako a gashinsa. Daga wurin aiki ya rugo.

"Malamata! Da gaske ne?"

Na gyaɗa kai.

"Kin san na kusa fid da rai? Ba a kanki ba... a kan addu'ar gaba ɗaya. Na ce, Ubangiji, in kana jina, ka nuna mini ta wurinta." Ya yi dariya, idonsa ya kaɗa. "Ga shi ya amsa, abar ƙaunata. Ya amsa!"

Na ce, "Gashinka duk gari ne."

A tsarinsu, wanda ya karɓa yakan tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya ba da shaida. Daga nan sai maganar aure.

Ranar Jumma'a Kanari ta shigo shago, wai za ta yi kwafin waƙoƙi. Ta jira uwar ɗakina ta fita.

"Layi na biyun da kika faɗa ranar Laraba, nawa ne," ta ce.

"Na'am?"

"Na uku na matar mai gadi ne. Na huɗun ne ban gane ba, ko ke kika ƙara gishiri?"

"Ke kika ce in fara ko da me..."

"Cewa na yi ki fara, ban ce ki kwafa ba. Amma ina ruwana, sana'arki ce."

Na miƙa mata takardunta, da ɗuminsu.

"Me kike so?"

"Ki ce masa kin fasa. Ki nemo dalili, ai ke mai karatu ce. Ni kuma bakina ƙanin ƙafata. In ba haka ba, Lahadi kina miƙewa, ni ma in miƙe."

Gaskiya ba Kanari ce ta fi ba ni tsoro ba. Ba ta da shaida, kuma an san abin da take so. Damuwata daban ce: tun Laraba na kasa addu'a. Ko abinci na zo sa wa albarka, da na rufe ido sai layi huɗun nan su tare mini baki.

Baba ya lura. Na faɗa masa komai a taƙaice, ina kallon kwano.

Na zaci zai ce ai ya faɗa mini. Sai ya ce, "Wa kika yi wa ƙaryar?"

"Mama."

"Ita kaɗai?"

Ya ci gaba da cin abincinsa.

Asabar da safe na tafi gidansu. Na tarar da Mama tana guga. Farin ɗankwali ne sabo, ta ɗaga shi tana murmushi.

"Naki ne, na gobe. Dogo! Fito ga mutuniyarka."

Ya fito da guduma a hannu. Na durƙusa, ba irin na gaisuwa ba.

"Mama, ban karɓa ba."

"Me kika ce?"

"Haddacewa na yi. Na rubuta abin da na ji kuna faɗi, na haddace. Ban ji komai ba ranar... har yanzu ban ji ba."

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye, a hankali. Ta ninke ɗankwalin gida huɗu.

"Kin san wa kika yi wa wasa?"

"Na sani, Mama."

"Ni na ɗora miki hannu. Ni na ce ta karɓa, a gaban mata ashirin."

Dogo bai motsa ba. Daga inda yake tsaye ya yi magana.

"Kwana uku ina gode wa Allah. A kan ƙarya."

"Ka yi haƙuri..."

"Da kin ce mini kin gaji! Da kin ce ba za ki iya ba! Ni me na zama a wurinki, ɗan sanda?"

Ya ajiye gudumar ya fita. Mama ta ce in tashi in tafi gida, na tashi na tafi.

Ban je majami'arsu Lahadi ba. Na ji labari Kanari ba ta samu damar miƙewa ba, don Mama ta riga ta tara matan da kanta ta faɗa musu.

Mako uku ba wanda ya neme ni. Na yi aikina. Na ɗinke littattafan ɗalibai arba'in da ɗaya. Addu'a ta dawo mini a mako na biyu, 'yar gajeruwa: ga ni, ban san komai ba, in akwai abin da ban karɓa ba ina so. Ban sa sunan Dogo a ciki ba. Na riga na ɗauka wannan ƙofar ta rufe.

Wata Talata da rana sai ga Mama a shago. Ba ta zo da takarda ba. Uwar ɗakina ta ba ta kujera, ta tuna da wani saƙo na gaggawa.

"Shekara ashirin da shida ina ɗora wa mata hannu," in ji Mama. "Tun ranar nan nake lissafi. Nawa ne suka buɗe baki don kawai in sake musu kai?"

Ta girgiza kai.

"Ban sani ba. Ba wadda ta taɓa dawowa ta faɗa mini. Sai ke." Ta gyara zama. "Aure na hannunki, ɗankwali na hannuna. Wa ya taso ki daga gidanku ya kawo ki ki zubar da shi?"

"Na kasa addu'a ne, Mama."

"To. Shaiɗan dai ba ya damuwa don mutum ya kasa addu'a."

Ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Kada ki ce na sauya ra'ayi. Har gobe ina roƙa miki harshen nan, kyauta ce kuma ina so ki samu. Amma ni na mai da kyautar Allah jarrabawa, wannan laifina ne. Gobe Laraba. In ya zo, ya zo. In bai zo ba, ki kama bakinki."

"To, Mama."

"Sakaran yana waje. Tun ɗazu yake auna ƙofarku kamar an ba shi aikinta."

Na fita. Dogo ya rame kaɗan. Ya ƙi kallona, sai ƙofar.

"Har yanzu ina fushi," ya ce.

"Na sani."

"Ni shekara biyu na yi ina nema kafin in samu. Ba ma a ɗakin addu'a ba, ni kaɗai a wurin aiki, ina goge katako."

"Shekara biyu? Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kunya. Ɗan shugaba guda..." Ya sosa ƙeya. "Da na faɗa, da ba ki ɗauka mako goma abin kunya ne ba. Ni ma ki yafe mini, Malamata."

"In bai zo ba har abada fa?"

"Sai mu tsufa muna roƙo."

"Baba fa? Bai sa albarka ba."

"Jiya na je. Awa biyu yana yi mini tambayoyi, har da waɗanda fastonmu bai taɓa yi ba. Gumi har cikin takalmi."

"Ka amsa?"

"Uku na amsa. Sauran na ce ban sani ba."

"Sai ya ce me?"

A nan ne ya juyo ya dube ni.

"Ya ce in turo manya."