Darmar Bakin Dam

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, aka kira ni daga Katsina in yi nutso in buɗe bututun wani dam da ya toshe a bayan Batagarawa. Gab da magariba ina bakin dam ɗin ina goya tukwanen iskar numfashina biyu na ƙarfe, sai ga wani dattijo goye da irin nawa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ni kuwa an ce mini ni kaɗai aka ɗauka aikin.

"Sannu da aiki, ɗana. Darmar ɗamararka ta yi kaɗan, ba za ka kai ƙasa ba. Ungo tawa ka ƙara."

Muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Na ce, "Baba, tukwanen ƙarfe ai da nauyinsu suke. Wanda ya ƙara masu darma sai dai a ji labarinsa."

Ya yi murmushi. "Haka aka faɗa mini. Ban ji ba."

Ya matso yana miƙo ɗamarar, duk gansakuka. Na dubi ƙasa. Ƙafafuna sun nutse a laka har idon sawu. Shi kuwa, da tukwanensa da darmarsa, ko sawu ɗaya bai bari ba.