Jinin Wani a Lambar Rashid

A teburin shayinsa suka haɗu, nan bakin likita a Dogon Dutsi. Bushira ta ce a ba ta ba sukari. Rashid ya dube ta, ya cika mata kofi da sukari.

"Malam, na ce ba sukari!"

"Hannuna ne ya yi rawa, ki gafarce ni."

Ta harare shi, ta shanye. Washegari ta komo.

Ni Kaltume, goggonsa, ni na rene shi tun da uwarsa ta rasu a Matankari. Ban yi lakkol ba, ban san boko ba, amma abin da aka yi wa ɗana na san shi, kuma sai na faɗe shi.

Bushira a wani ɗakin awon jini take aiki, gaban wata tsohuwar odinata, kwamfuta ke nan, mai baƙin allo da koren rubutu. In ta makara sai ya tura mata mesaj:

"Bushi tawa, ruwa ya tafasa, ke ce ba ki zo ba."

Ta mai da masa: "Mai shayina, aje mini kofina. Kada wata ta taɓa shi."

Ubanta, Malam Rabo, Jibrilla mai shagon siminti yake so ta aura. Da ɗiyar ta kafe, sai ya ce to, mai shayi ya je a auna jininsa tukuna. Rashid ya tafi wurin aikin Bushira yana dariya.

A wurin ba a rubuta suna, lamba ake ba mutum don rufin asiri. Ranar karɓar sakamako, Bushira da hannunta ta buga lambarsa. Takarda ta fito ta ce sida, wato ƙanjamau.

Nan ta zube tana kiran sunansa. Waɗanda suka ɗaga ta suka ga takardar, kafin la'asar magana ta kai kasuwa. Ina rufin asirin?

Aka daina shan shayinsa. Madara ta lalace, ya ɗage tebur ya dawo ɗakina yana kallon bango. Malam Rabo ya maido mana kayan gaisuwar da muka kai a kan amalanke, Jibrilla ya fara sallama a ƙofarsu.

Ta rubuto: "Rashid, ka faɗa mini gaskiya, wace ce? Ko mi ne ne zan iya ji."

Ya amsa: "Wallahi ban san kowa ba. Amma tunda kin tambaya, ki auri mai siminti."

Damina ta shige ba su yi magana ba.

Wata rana a wurin aiki ta buga lambar wata mata da ko jininta ba a kai ga aunawa ba. Sai ga sakamako. Ta ƙirƙiri wata lambar da ba a taɓa ba kowa ba, ta buga. Sai ga sakamako. Ta bi sawun kwalbar jinin Rashid, ashe ta fashe tun ranar farko, ba a taɓa shigar da sakamakonsa ba.

Da ƙafa ta zo gidana, mayafi a hannu.

"Goggo, sakamakon a jere suke cikin injin, lamba bayan lamba, kamar bokitai a bakin famfo. Injin yakan je ya tsaya inda lambar ta kamata ta kasance, sannan ya karanta. In bai iske ta ba, ba ya cewa babu. Na gaba yake ɗaukowa, ya manna masa lambar da aka buga."

Na ce, "Ke nan bokitin wani aka ɗora wa ɗana?"

Rashid na tsaye a ƙofar ɗaki. Ta durƙusa.

"Ni na buga, ni na zarge ka."

"Tashi, Bushi. Ni ma sai da na zargi kaina."

Aka sake awo a Dosso, jini lafiya. Shi kuma mai wancan sakamakon, ko wane ne, Allah ya ba shi sauƙi, don na ga yadda garin nan ke yi wa mutum.

Na je wurin direktansu. Wai kuskuren inji ne, an kira mai gyara daga Yamai. Na ce, "Injin ne ya kai magana kasuwa? Ku shiga rediyo ku wanke mini ɗa. Sauran da kuka ba jinin wasu fa?" Ya ce za a duba. Har yau ana dubawa, ni kuma ban fasa zuwa ba.

Aka ɗaura aure. Rabin waɗanda muka gayyata ba su zo ba. Da aka kawo ƙwaryar fura, ango ya sha ya aje ludayi, ba wanda ya miƙa hannu. Malam Rabo ya dubi jama'a, ya ɗauki ludayin nan, ya sha har fura na bin gemunsa.

"Wanda ba ya sha, ga hanya."

Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a ɗayyiba. Su sun yafe. Ni ban yafe ba.